Reshen Zogale a Bromakote

Kwana huɗu muka yi a hanya kafin motar ta juye mu a tashar Ajame, kuma abin da Abijan ta fara yi mini shi ne sata. Ina saukowa, ƙafafuna a kumbure, wani ƙato mai jar riga ya sungumi buhuna ya ɗora a ka yana cewa, "Hajiya, zo, zo," sai ka ce tun a Malumfashi ya san ni. Har raina na ji daɗi, na ce ashe ko'ina akwai mutanen kirki. Na sunkuya in ɗauki akwatina, na ɗago, babu ƙato babu buhu. A cikin buhun nan akwai daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da garin kuka, da zogalen da na yi wata biyu ina shanyawa. Na tsaya a tsakiyar tashar hawaye na zuba, masu kiran fasinja suna bangaje ni suna zagina da yaren da ban sani ba.

A haka Malam, mijina, ya same ni. Shekara uku rabona da shi, tun da ya taho ya kama aikin kula da sito wurin wani Alhaji mutumin Kano mai shigo da shinkafa ta tashar jiragen ruwa a Tireshbil. Da ya yi sallama sai da na kalle shi sau biyu. Mutumin da ya bar gida wuyansa a cike, ga shi riga na yawo a jikinsa. Na manta da buhu.

"Malam, lafiya kake kuwa?"

"Lafiya lau. Zafin garin ne," in ji shi, ya karɓi akwatin.

Ɗakinmu yana unguwar Bromakote cikin Ajame, a irin gidan hayar da suke kira kur: ɗakuna goma sha ɗaya sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, bayi biyu. Kowa da yarensa, kowa da tukunyarsa a bakin ƙofa, kowa kuma idonsa a kan tukunyar wani. Wadda ɗakinta ke kallon namu, Madam Odet, tun ranar farko ta toshe hanci da na soya albasa da 'yar daddawar da na samo. Ita da take dafa kaguwa da manja har ƙarni ya kama tufafin da muka shanya, ita ce mai toshe wa wani hanci.

Mutum ɗaya ce a gidan ke jin Hausa, Maimuna. Jikar wani Bakano ce da ya zo fataucin goro bai koma ba. A Abijan aka haife ta, tana aikin allura a wani ƙaramin asibiti. Hausarta sai ka yi haƙuri da ita, kalma biyu tamu, uku ta Faransa. Kallon 'yar ƙauye take mini, ni kuma ina mata kallon wadda ta ɓata. Tanti take kirana, ban san ma'anarsa ba sai daga baya, da na ji inna ake nufi sai na bar ta.

Cikin sati guda na gane abin da Malam yake ci shekara uku. Da safe ya tsaya wurin mai shayi, a zuba masa madarar gwangwani mai zaƙi har rabin kofi, a ɗora masa burodi. Da rana garba, wato aceke, garin rogo turarre, da soyayyen kifin da man suyarsa ya koma baƙi. Da yamma aloko, soyayyar ayaba mai ɗiga mai. Ruwa kuwa yana sha ba ƙaƙƙautawa, yana zaryar bayi. Maimuna ce ta tare ni a bakin famfo wata safiya.

"Tanti, mijinki yana da sukari. Na gani tururuwa a inda ya yi fitsari. Fo ki kawo shi a gwada."

Na ji haushin yarinya ƙarama tana leƙen bayan mijina, amma na kai shi. Likita ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Ya ba da magani, ya ce a bar zaƙi gaba ɗaya, a rage aceke da shinkafa da mai, a cika ciki da ganye.

Faɗar haka da sauƙi a bakin likita. Ganyen da ake sayarwa a kasuwar Ajame na dankali ne da na rogo, na dafa su yadda na ga ana yi, na dafa su yadda na ga dama, Malam ya yi loma biyu ya ture kwano. Mutum ne mai haƙuri a komai ban da abinci. Ya rasa shayinsa, ya rasa garbarsa, abin da na ba shi kuma ba ya shiga. Ina kallo yana ƙara zubewa, tsoro ya kama ni sosai, don ni kaɗai ce da shi a ƙasar nan, shi kaɗai ne da ni. Wata rana ya kalli kwanon ya ce, kamar mai magana da kansa, "Da dai kwaɗon zogale ne."

Na shiga kasuwa neman zogale lungu-lungu. Wasu su yi mini dariya, wasu su kore ni da hannu. Wata ta sayar mini da ganyen da ta rantse shi ne, na zo gida na tarar ko kama ba su yi ba. Sai a mako na uku na faɗa wa wata tsohuwa Bazabarma mai sayar da kanwa. Ta ce in dawo jibi. Da na koma ta zaro wani reshe daga ƙarƙashin teburinta, tsawon hannu, naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Na miƙa mata abin goro, ta ture hannuna ta ce in je in yi wa mai jiki, Allah ya ba shi lafiya. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yanzu.

A bayan famfon gidanmu akwai inda siminti ya fashe, ruwan wanke-wanke yana kwanciya a wurin. Na tona da wuƙa na soke reshen. Ban tambayi kowa ba, kuma ko a mafarki bai zo mini cewa abin tambaya ne ba. A garinmu mace tana soke zogale a bayan ɗaki ko gidan haya take ko na aro, in ta tashi ta bar wa na baya. Ƙasar Abijan kuwa ba ta da rowa kamar mutanenta. Ga ruwan sama kusan kullum. Kafin wata huɗu itacen ya wuce kaina.

Na samo ƙuliƙuli wurin 'yan Nijar masu tsire, na yanka tumatir da albasa, na yi kwaɗo. Malam ya cinye, ya suɗe kwano, ya tambaya ko da saura. Daga nan kullum sai ya ci, wata rana kwaɗo, wata rana miya da ɗan tuwon dawa. Ya daina waiwayen mai shayi. Kumatunsa suka fara dawowa. Maimuna ta ce barin sukarin ne da magani suka yi aiki, ganye ganye ne kawai. Na ce mata ta kira shi abin da ta ga dama, ni dai na san ba don ganyen nan ba da bai bar sukarin ba.

Lokacin ne kuma garin ya fara juya wa baƙi baya. 'Yan sanda su tare baka, ƙananan motocin hayar nan, su sauke duk mai doguwar riga su ce ya nuna takardar zama. Malam yana da tasa, duk da haka an taɓa zaunar da shi a bakin kwata tun hantsi har azahar. A gida waɗanda muke gaisawa da su suka koma ɗaga kai kawai. Madam Odet ta fara tsayawa gaban zogalen, hannu a ƙugu, tana magana da ƙarfi don in ji, ko da yake ta san ba na ji.

Wata Lahadi da safe mai gidan ya zo da kansa. Papa Mobiyo sunansa, tsoho ne dogo mai sanda, ɗan asalin garin, da ma ɗansa ne ke zuwa karɓar kuɗin haya a madadinsa. Malam ya tafi sito ana sauke kaya. Papa ya tsaya gaban itacen ya daɗe yana kallo, mutanen gida duk suka fito. Ya yi magana, aka kira Maimuna ta fassara.

"Tanti, ya ce wa ya dasa."

"Ni ce."

"Ya ce na wa ne."

"Nawa ne mana. Ni na dasa, ni nake kula da shi."

Maimuna ta rage murya. "Tanti, fardon, kar ki ce haka. Ki ce nasa ne."

"Nasa ta yaya? Ya san ranar da aka soke shi? Faɗa masa yadda na faɗa."

Ba ta ma buƙaci ta faɗa ba, don na riga na bugi ƙirjina, kuma wannan kowane yare yana jin sa. Papa ya yi wa Maimuna gajeriyar magana ya juya. Ni a nawa tunanin gaskiya na faɗa, ba rashin kunya ba. A wurinmu itace na wanda ya dasa ne ko da ƙasar ta wani ce. Ɗorawar kakana tana cikin gonar da aka sayar tun ban zo duniya ba, har yau mu ke kaɗe ta, mai gonar bai taɓa cewa uffan ba. Ban ce gidan Papa nawa ne ba. Reshe na ce.

Da ya tafi Maimuna ta ja ni ɗaki ta warware mini. A nan baƙo yana iya shuka barkono, ko tumatir, ko masara, abin da zai mutu cikin shekara. Itace kuwa sa hannu ne. Wanda ya dasa itace a ƙasar wani, ya kuma ce nasa ne a gaban shaidu, ya fara cewa ƙasar tasa ce. Dangin Papa, in ji ta, sun rasa filaye da yawa ta wannan hanyar, shi ya sa ko ganye ya gani a hannun baƙo sai ya yi zargi. Ya ba mu zuwa ƙarshen wata mu bar masa ɗaki.

Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi in sare itacen. Na aika Maimuna ta gaya wa Papa zan sare, ya aiko cewa sara ba ya goge magana, ƙasa ta riga ta ji. Muka shiga neman ɗaki. Duk inda muka je, da an ji daga Nijeriya muke sai a ce an riga an kama. Malam yana tashi daga aiki ya bi unguwa-unguwa a ƙafa cikin rana, ya dawo leɓɓansa a bushe. Ɗan naman da na tara masa ya fara zagwanyewa a gaban idona.

Alhajinsa ya ɗauki dattawa biyu suka je ba Papa haƙuri. Suka dawo suka zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakinmu, ni ina ciki ina ji. Alhaji ya ce tsohon ya sauko, amma da sharaɗi. A kawo kwalbar jin, giyar nan fara, ya zuba a gindin itacen ya sanar da kakanninsa, ni kuma in faɗa a gaban mutanen gida cewa itacen nasa ne. In an yi haka mu zauna, mu ci ganye iyakar son ranmu.

"Magana ta biyu za ta faɗa, ko sau goma ne," in ji Malam. "Ta farko kuwa, Alhaji, ban taɓa sayen giya ba, ba kuma zan saya a zuba wa matattu saboda ganye ba."

"Malam Sani, ba kai za ka sha ba, ba kai za ka zuba ba. Al'adarsu ce."

"Da kuɗina za a saya."

Dattawan sun san gaskiya ya faɗa, sun kuma san ba su da wani ɗakin da za su ba shi. Suka yi addu'a suka tashi.

Kwana biyar na yi ina juya abin a raina. Na san hukuncin, ba jahila ba ce ni, na yi allo har na sauke. Amma ina zuba wa mutumin nan ruwan alwala ina ganin ƙasusuwan hannunsa. A rana ta shida na buɗe akwati na ciro atamfa ɗaya cikin na aurena, na kai wa Maimuna na ce ta sayar ta sayo kwalbar.

Ta kalle ni. "Tanti, ni ma musulma ce fa."

"Na sani. Ba ni da wani sai ke."

Ta juya atamfar a hannunta, ta ce, "Bon. Zan sayar. Kwalba kuma Odet za ta sayo, ni ba na shiga wurin." Madam Odet kuwa da murnarta ta tafi, ban taɓa ganin ta yi wa wani aike da sauri haka ba.

Ranar Talata da hantsi, Malam yana sito, Papa ya zo da zane a kafaɗa. Ya tuɓe takalmi, ya zuba giyar kaɗan-kaɗan a gindin zogalen yana kiran sunaye. Warin ya cika tsakar gida. Na faɗi kalmomin da Maimuna ta koya mini da Faransanci, cewa itacen nasa ne, ƙasar tasa ce. Ya gyaɗa kai. Ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shinshina, sannan ya tambayi Maimuna yaya jikin mijina. Ya ce in gaya masa ya zauna lafiya, ba wanda zai tashe shi. Ban so ya zama mutumin kirki a ranar ba, amma haka ya zama.

Da Malam ya dawo na ce masa Papa ya huce, ya karɓi magana kawai. Ya yi hamdala, ya ce ka ga abin da haƙuri ke kawowa. Na debi ruwa bokiti uku na kwarara a gindin itacen, na ci gaba da tsinko ganye. Kwana uku muka yi cikin kwanciyar hankali.

Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci, Madam Odet tana wanki a famfo. Ta tare shi da fara'a, abin da ba ta taɓa yi ba, tana yi masa barka, tana yabon irin kwalbar da matarsa ta zaɓa. Ko da gangan ta yi ko da zuciya ɗaya, Allah ya sani, ni dai na san wanda na zaɓa a raina. Malam yana jin Faransanci daidai na aiki. Ya shigo ɗaki, na riga na ajiye masa kwaɗo. Ya zauna, ya kalli kwanon.

"Hajara, an zuba?"

"An zuba."

"Wa ya saya?"

"Ni. Da atamfata, ba da kuɗinka ba. Kuma na wanke wurin, ga ruwan sama ya yi sau biyu."

Ya ɗauki faifai ya rufe kwanon a hankali. "Ba itacen ne ya dame ni ba. Kwana uku kina zaune kina kallona ina bisimilla a kansa."

Ya tashi ya koma wurin Alhaji da yammar nan, ya ce ko ina ne a ba shi, ba zai ƙara wata a gidan ba.

Abin da aka samu shi ne wani ɗaki a saman sito a Tireshbil, kusa da tashar jiragen ruwa, inda da masu gadi ke ajiye kaya. Muka ɗora katifa da tukwane a kan kura, mutum biyu suna turawa, muna biye. Mutanen gidan suka tsaya suna kallo, ba wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ba mu kai ƙofa ba Madam Odet ta ɗauko roba ta fara tsinkar zogalen, ita da ta ce warinsa na sa ta amai. Maimuna ce kaɗai ta raka mu har bakin titi, ta rubuta mini lokutan maganin Malam a takarda, tana share ido tana cewa ƙura ce.

Sabon wurin siminti ne sama da ƙasa. Matakala ashirin da wani abu, rufin kwano mai zafi, ƙarar manyan motoci tun asuba, iska mai ƙarnin kifi. Ko tafin hannu na ƙasa babu. Na roƙi leburori suka kawo mini ƙasa a buhu, na huda tsofaffin robobi na jera a bakin matakala, na shuka alayyafo da yakuwa da lalo. Wasu suka yi, wasu iskar gishiri ta ƙone su. Malam yana ci kaɗan don kar in ji ba daɗi. Zogale kuwa bai sake kai shi baki ba. Ko busasshe da fatake suka kawo daga gida, na dafa, ya ce in kai wa masu gadi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai canza mini fuska ba, yana kirana da sunana kamar kullum. Daga baya na fara jin ƙanshin madarar gwangwani a gemunsa in ya dawo aiki. Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi fushi na kwana biyu. Sai ya ce kofi ɗaya ne kawai.

Bayan shekara ɗaya da rabi ƙusa ta soke shi a ƙafa a cikin sito. Ciwo ƙarami, amma ya ƙi warkewa, ya ci yatsa, ya hau. Aka kwantar da shi a asibiti. Maimuna tana zuwa daga Ajame bayan ta tashi aiki ta wanke masa ciwon da hannunta, don masu aikin wurin sai sun gama da kowa suke waiwayar baƙo.

Wata la'asar ina zaune a gefen gadon ina yi masa fifita, ya buɗe ido.

"Hajara, maganar kwalbar nan. Kin nemi gafara?"

"Na nema, Malam. Kullum ina nema."

"Kin yi nadama?"

Na san abin da yake tambaya. Shi ya koya mini cewa tuba ba ta cika sai da nadama, kuma na ga tsoro yake ji mini, ba kansa ba. Na kalli ƙafar a naɗe, na kalli fuskarsa.

"Na yi," na ce.

Ya ce alhamdulillahi, ya lumshe ido, ya nemi ruwa na ba shi. Ranar Laraba ta sama ya rasu, aka yi masa sutura a can.

Ƙarya na yi masa, ta biyu ke nan a zamanmu. Istigfari ina yin sa har gobe. Nadamar ce nake nema tun daga ranar ban same ta ba, don na san kaina: da Papa Mobiyo kwalba goma ya ce, da atamfa goma na sayar.